Masu Kiwon Rina na Gifu

A Turai da Amurka, daga Agusta zuwa Satumba lokacin gudun rina ne. Gidanta ya cika da ma'aikata dubbai, tana bin duk abin da ke da zaƙi har kan kwanon mutane, kuma ba ta harbi ɗaya ta mutu kamar ƙudan zuma, tana iya maimaitawa. A tsaunukan Gifu na ƙasar Japan kuwa, a daidai wannan lokaci dattawa ke kai mata abinci da hannunsu.

Hebo suke kiranta, ƙaramar baƙar rina mai ratsi-ratsi da ke yin gida a cikin ƙasa. Tun farkon zafi ake fita nemanta. Mafarauci zai rataya tsokar kifi a jikin reshe, ya koma gefe ya yi shiru. Idan rina ta sauka ta fara gutsura, sai ya mulmula ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa, ya ɗaura masa farin zare, ya miƙa mata a bakin tsinke har ta runguma. A nan gwanintar take, kuma ita ce ta fi burge ni: zaren ya yi nauyi, ta yar da shi; ya yi ƙanƙanta, ido ba zai gan shi cikin duhun itatuwa ba. Tana tashi sai a bi wannan farin ɗigo da gudu, tudu da gangare, wannan na kiran wancan, har ta shige raminta.

Sai a busa hayaƙi ta yi laushi, a tono gidan a hankali kada ya farfashe, a kai shi akwatin katako a bayan gida. Daga nan kiwo ya fara: ɗanyen naman kaza domin 'ya'yan, ruwan sukari domin manyan. Mai kiwo ya san hanyar shigarsu da fitarsu, ba ya tare ta, ba ya garaje.

Ranar 3 ga Nuwamba ake bikin hebo a Kushihara da ke Gifu, inda ake ɗora gidajen a kan ma'auni a ga na wa ya fi nauyi. Sannan a zauna ana ciro tsutsotsin rinar daga gidajen ɗaya bayan ɗaya, a dafa da miyar waken soya da sukari, a gauraya da shinkafa. Wanda ya tashi yana cin soyayyar fara da yaji ba zai yi mamakin tsadarsu ba.