Jinjina ga Masu Zana Furanni a Kwamfuta

Duk katin gayyatar bikin da ya iso hannunka da furanni a gefensa, akwai wanda ya sha zama a kansa. Masu zayyana da CorelDRAW ko Photoshop sukan fara da ganyen fure ɗaya tak: su lanƙwasa layinsa, su kwafe shi, su yi ta juya kwafin kewaye da tsakiya har fure ya cika. Sai launi, mai duhu a gindi, yana washewa zuwa baki. Gwani a cikinsu ya san inda zai tsaya, kada ado ya danne sunan amarya. Ga haƙuri kuma: uwar amarya ta ce ruwan hoda, ango ya ce ruwan zinare, a sake komai kafin a kai wurin bugawa.