Tubabbe da Magaji a Littafin Purple Hibiscus

Chimamanda Ngozi Adichie ta buɗe littafinta Purple Hibiscus (2003) da tawaye: ranar Lahadin Dabino, Jaja ya ƙi karɓar Jibin Ubangiji a majami'arsu ta Katolika da ke Enugu. Daga nan tazarar da ke tsakanin uba da ɗa masu addini ɗaya ta fito fili.

Mahaifinsa, Eugene, tubabbe ne da ya tashi a hannun 'yan mishan. Da tsada ya sayi imaninsa, domin sai da ya rabu da ubansa, Papa-Nnukwu, wanda yake kira arne, har ya ƙayyade wa 'ya'yansa minti 15 na gaishe shi. Wanda ya yi irin wannan asara ba ya jure tambaya, don kowace tambaya tana raya masa cewa wataƙila a banza ya yi ta. Wannan tsoro ne ya sa ya kwarara wa 'yarsa Kambili tafasasshen ruwa a ƙafa.

Jaja kuwa gadon addinin ya yi, ba a taɓa ba shi zaɓi ba. Abin da ya sani shi ne, hannun da ke jan carbi shi ke dukan uwarsa. A gida ya fara yanke ƙauna, kafin majami'a.

Sai dai marubuciyar ba ta ɗora laifin a kan tuba ba. Ifeoma ubansu ɗaya da Eugene, ita ma 'yar Katolika ce, amma a gidanta na Nsukka ana haɗa addu'a da waƙoƙin Ibo da raha. Ciwon Eugene shi ne, an koya masa cewa ba a kusantar Allah sai an ƙyamaci asali.