Fim Ɗin Waƙa da Aka Cire Wa Murya

A bakin iyakar Jibiya, muna jiran a gama duba takardun motarmu mu wuce Maraɗi, na kalli Ein Walzertraum a waya. Ludwig Berger ne ya shirya shi a Jamus a 1925, daga wasan waƙe-waƙe na Oscar Straus na 1907. Armashin wasan duk a murya yake, fim ɗin kuwa bebe ne. A wancan zamani makaɗa kan zauna gaban majigi suna kiɗa, amma muryar ’yan wasa ba ta fita.

Dole ta sa fuska ta ɗauki nauyin waƙa. Franzi, mai goge, ita ke koya wa gimbiya yadda za ta shawo kan mijinta, mutumin da ita ma take so. Abin da ta rasa a idonta ake karanta shi. Barkwancin fada dai ya yi mini tsawo.

Kusa da ni direbanmu na kallon waƙar wani fim na Kannywood. Na roƙe shi ya kashe sautin mu gani. Sai ga saurayi da budurwa suna ta sauya kaya a lambu, minti biyar, labarin bai motsa ko taku ɗaya ba.