Jinjina ga masu sakin balan-balan

Manomin shinkafa a fadamar Wurno, ko mai albasa a Goronyo, idan ya kasa kunne ga hasashen yanayi a rediyo, da wuya ya san cewa da hannun wasu bayin Allah a ciki. A filin jirgin saman Yamai akwai ma'aikatan da ke cika ƙatuwar balan-balan da iska mara nauyi, su ɗaura mata 'yar na'ura da zare, su sake ta. Tana hawa tana kumbura, na'urar tana aiko da labarin zafi da laima da alƙiblar iska, har wajen kilomita 30, inda za ta fashe.

A Turai da Amurka abin har ya zama sha'awa. A 2009 wasu ɗaliban jami'ar MIT suka harba tasu da kuɗin da bai wuce dala 150 ba, suka bi sawunta, suka tsinto kyamarar ɗauke da hotunan doron ƙasa.

Wanda ya ga ambaliyar gulbin Rima ta 2010 ya san darajar sanin ruwa kafin ya iso. Malaman kimiyya na Rabah da Wurno, ku nuna wa yaranmu wannan aiki. Masu sakin balan-balan, sannunku da ƙoƙari.