Janareta Ya Mutu, Mawaƙi Ya Yi Tsit

A wata dinar biki a Sabon Garin Zariya na ga abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. An ɗauko wani mawaƙin fim daga Kano, ana ta liƙi, ƙawayen amarya na shewa. Can sai janareta ya mutu. Muryar da ta cika ɗakin ta bi wutar, gogan naka yana tsaye da makirfo a hannu, ko tari bai yi ba. Ashe filasha ce ke waƙar, shi nasa motsa baki.

Ban ƙi mawaƙan Kannywood su fito daga sitidiyo ba. Kasuwar faifai ta mutu, abincin yanzu yana wajen biki da gala da taron siyasa. Amma hawa dandamali sana'a ce daban.

A Amurka akwai Danny Elfman. Shi ne jagoran ƙungiyar Oingo Boingo kafin ya koma kiɗan fim, ya yi na Batman a 1989. Da ya fito bikin Coachella a 2022, da makaɗansa ya zo, aka buga komai a gaban jama'a. Shi a dandamali ya yi wayo. Namu kuwa a gaban fiyanon Yamaha suka tashi, inda yatsun mutum ɗaya ke fitar da kalangu da sarewa, kwamfuta ta gyara murya.

Abin haushin, mu ba baƙin abin ba ne. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru ta ba Mamman Shata digirin girmamawa, mutumin da kalangu da 'yan amshi suka ishe shi kwana guda yana waƙa. Bala Miller ma, ɗan gidan Miller na Zariya, da cikakkiyar ƙungiya yake fitowa.

Kuma makaɗan ba su ƙare ba. Duk wanda ya ratsa Sabon Gari ranar Lahadi zai ji jita da ganga daga coci-coci, hannu ke buga su. Na san kuɗi ne: sallamar makaɗa biyar ba ɗaya take da ta DJ guda ba, kuma sai an yi atisaye. To, a cire daga liƙin mana.

Daren dinar nan dai an tada janareta, DJ ya mayar da waƙar daga farko, aka ci gaba da liƙi. Har da ni, don amaryar ƙanwata ce.