Jinjina Ga 'Yan Agajin Magami, Tsafe Da Bungudu

Tun da ta'asar 'yan bindiga ta tsananta a Zamfara, mutanen ƙauyukan hanyar Gusau zuwa Ɗansadau suke gudowa Magami da Gusau, na karkarar Tsafe da Bungudu ma suna neman mafaka a cikin gari. Sau da yawa mai fara tarbarsu ɗan agaji ne, na Izala, ko na Fityanul Islam, ko na Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962. Su ke kai mai rauni asibiti, su yi wa mamaci sutura, su bi masallatan Juma'a neman gudummawa, su koya wa marayu karatu da sana'a, ba tare da albashi ba. Kuɗin attajiri da hatsin Hukumar Zakka da Waƙafi ba sa isa hannun mabuƙaci sai da wanda ya san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba.

Wasu na cewa wannan aikin gwamnati ne. Haƙiƙa tsaro da lafiya nauyi ne a wuyan hukuma, kuma dole a ci gaba da tunatar da ita, amma wanda jininsa ke zuba ba zai jira kasafin kuɗi ba. Masu tsoron a ci amanar gudummawa kuwa, maganin damuwarsu shi ne a karanta lissafi a bainar jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ɗan kasuwa ya ba da dukiya, malami da ma'aikacin jinya su horar da matasa. Allah Ya saka wa 'yan agaji da alheri.