Amana da Lokaci a Fim ɗin "Once Upon a Time in America": Nazarin Jigo da Zubi

1.0 Gabatarwa

Masu zuwa silima sun fi sanin Sergio Leone, mutumin ƙasar Italiya, da finafinan kaboyi guda uku waɗanda Clint Eastwood ya fito a cikinsu daga 1964 zuwa 1966. Amma aikinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1984, ya bar dawaki da hamada ya shiga lungunan birnin New York, inda ya bi rayuwar wasu 'ya'yan Yahudawa talakawa tun suna yara masu yankan aljihu har suka zama manyan 'yan fasa-ƙwaurin barasa. Sunan fim ɗin "Once Upon a Time in America". Kalmominsa na farko su ne mabuɗin tatsuniya a Ingilishi, kamar yadda Bahaushe yake buɗe tasa da "ga ta nan, ga ta nanku". An samo tushen labarin daga littafin Harry Grey mai suna "The Hoods". Shekara 13 Leone ya yi bai fitar da fim nasa na kansa ba kafin wannan, kuma ya rasu a 1989 bai sake yin wani ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa babban jigon fim ɗin shi ne amana tsakanin abokai, kuma ba za a iya raba wannan jigo da yadda aka sarrafa lokaci a cikin zubin labarin ba. Duk wanda ya taɓa zubin, to ya taɓa jigon.

2.0 Taƙaitaccen Labari

Labarin ya kasu zamani uku. Na farko shi ne wajajen 1920, lokacin da David Aaronson, wanda ake yi wa laƙabi da Noodles, ya haɗu da Max. Tare da Patsy da Cockeye da ƙaraminsu Dominic suka ƙulla ƙungiya. Suka yi alkawari cewa rabin duk abin da suka samu za a riƙa zuba shi a wata jaka da suka kulle a akwatin ajiya na tashar jirgin ƙasa, suka damƙa mabuɗin a hannun abokinsu Moe. Ba a jima ba wani ɗan ta'adda mai suna Bugsy ya harbe Dominic. Noodles ya daɓa wa Bugsy wuƙa, ya kuma soki wani ɗan sanda, aka ɗaure shi shekara 12.

Zamani na biyu shi ne 1932 zuwa 1933, ƙarshen dokar hana sayar da barasa wadda Amurka ta yi aiki da ita tun 1920. Noodles ya fito ya tarar abokansa sun yi kuɗi. Da aka soke dokar, kasuwarsu ta mutu, sai Max ya dage sai sun yi fashi a babban bankin gwamnati, aikin da kowa ya san halaka ce. Don ya tserar da su, Noodles ya tsegunta wa 'yan sanda wani ƙaramin aikin fasa-ƙwauri da za su yi, da nufin a ɗan ɗaure su har haukan ya wuce. Sai aka yi harbe-harbe, aka shimfiɗe gawa uku a kan titi, ɗaya ta ƙone ba a gane ta. Ya je tasha ya tarar da jakar cike da tsofaffin jaridu. Ya gudu garin Buffalo ya sake suna.

Zamani na uku shi ne 1968. Wata wasiƙa ta dawo da shi New York yana tsoho. A hankali ya gano cewa Max bai mutu ba. Shi ya shirya komai, ya kwashe kuɗin, ya zama babban jami'in gwamnati mai suna Bailey, har ya ajiye Deborah, macen da Noodles ya so tun yarinta.

3.0 Jigo: Wa Ya Ci Amanar Wa?

Hausawa suna cewa kowa ya ci amana, amana za ta ci shi. Abin da Leone ya yi shi ne ya ɗora hukuncin a kan wanda bai cancance shi ba na tsawon shekara 35. Noodles ya rayu yana ganin kansa maci amana wanda ya jawo mutuwar aminansa uku, alhali kuwa shi aka yi wa gadar zare. Max ya san halin abokinsa ciki da waje. Ya san idan ya nuna alamar hauka, ƙauna za ta sa Noodles ya kira 'yan sanda. Wato da amincin Noodles aka yi tarkon da ya kama shi. Wannan ne ya raba fim ɗin da sauran finafinan 'yan ta'adda, inda galibi kwaɗayin kuɗi ko tsoro ne ke sa aboki ya sayar da aboki.

An dasa wannan iri tun haɗuwarsu ta farko. Yaran sun yi kwanton ɓauna za su raba wani mashayi da agogonsa na aljihu, sai keken dokin da ya ɗauko kayan gidan su Max ya gitta tsakani, Max ya diro ya janye mutumin, agogon ya koma hannunsa. Abu na farko da Max ya ƙwace wa Noodles agogo ne, ma'aunin lokaci. A daren ƙarshe, a gidansa na alfarma, Bailey ya fito da wannan agogo ya duba. Mai kallon da bai manta ba zai gane cewa satar farko da ta ƙarshe iri ɗaya ce.

Ƙololuwar jigon tana cikin wannan dare. Binciken almundahana ya ritsa da Bailey, abokan cin mushensa suna neman ransa, sai ya zaɓi ya mutu a hannun mutumin da ya fi cuta. Ya ajiye bindiga a gaban Noodles, ya lissafa masa abin da ya raba shi da shi: kuɗinsa, da masoyiyarsa, da rayuwarsa. Noodles ya ƙi ɗauka. Bai ko yarda ya kira shi Max ba, har suka rabu da sunan Bailey yake kiransa, cikin ladabin da ake yi wa baƙo. Ya ba shi labari cewa shi ma ya taɓa yin amini, ya kai ƙararsa don ya cece shi, aminin ya mutu. Ana iya karanta wannan ƙin ta fuska biyu. Ta wata fuskar rahama ce. Ta wata fuskar kuwa babu ramuwar da ta kai ta zafi, domin ya hana Max abu ɗaya tak da ya roƙa, wato a gane shi a hukunta shi. Akwai kuma fuska ta uku wadda ta fi dacewa da halin Noodles: idan ya yarda Bailey shi ne Max, to abokantakar da ya yi shekara 35 yana makokinta ta zama ƙarya, shi kuwa ba shi da wata dukiya da ta rage sai ita.

4.0 Zubi da Tsari

Leone bai jero zamunan nan uku bi da bi ba. Fim ɗin ya buɗe da ƙarshen 1933, 'yan bindiga suna farautar Noodles, shi kuwa yana kwance a wani gidan shan ofiyom na mutanen Sin. Sai wayar tarho ta fara ƙara. Ƙarar ta ci gaba fiye da sau 20, tana ratsa hotunan gawawwaki a cikin ruwan sama, da na bikin bankwana da dokar barasa, har aka nuna hannu ya ɗaga kan waya amma ƙarar ba ta tsaya ba, sai da wani ɗan sanda ya ɗauki tasa a ofis. Tun mai kallo bai san labarin ba, an riga an sa masa ƙarar laifin a kunne, kamar yadda take a kan Noodles.

Ana tsallakawa daga zamani zuwa zamani ta ƙofofi da ramuka. A tasha Noodles ya nufi wata ƙofa yana saurayi, sai ga fuskarsa a madubinta da furfura. A gidan abincin Moe ya hau kan masai ya cire wani bulo ya leƙa, sai ga Deborah tana yarinya tana koyon rawa a cikin ɗakin ajiya. Kullum Noodles mai leƙe ne, yana hangen abin da hannunsa ba ya kaiwa.

Tarihin fim ɗin kansa ya tabbatar da muhimmancin wannan zubi. An nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa cikin watan Mayu 1984 da tsawon minti 229. Kamfanin da ya rarraba shi a Amurka ya datse shi zuwa minti 139, ya kuma jera al'amura daga yarinta zuwa tsufa, ba da yardar Leone ba. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, kasuwa kuma ta ƙi shi. Taurarin ba su sake ba, hotunan da suka rage ba su sake ba, amma da aka cire tunowa sai labarin ya koma jerin kashe-kashe maras dalili. A 2012 an fito da wani kwafi da aka mayar wa wasu sassan da aka cire, ya kai kusan minti 250.

Fim ɗin ya rufe inda ya buɗe. Bayan wata motar shara ta wuce ƙofar gidan Bailey, wani mutum mai kama da shi ya bi gefenta ya ɓace, sai aka koma gidan ofiyom na 1933, Noodles ya zuƙi hayaƙi ya kwanta, ya yi wani faffaɗan murmushi. Daga nan ne wasu masu nazari suka ce duk abin da aka gani na 1968 mafarki ne, wanda zuciyar mai laifi ta ƙaga don ta mayar da laifin kan Max. Wannan fassara tana da madogara, musamman ganin Deborah ba ta tsufa ba a 1968. Sai dai mai mafarki a 1933 ba zai san talabijin ko waƙar 'yan Beatles ba, kuma duka biyun sun bayyana. Ko da wace fassara aka ɗauka, abu ɗaya bai sake ba: mutumin ba ya iya zama da abin da ya aikata sai ya gudu daga lokacin da yake ciki.

5.0 Salo: Kiɗa da Jinkiri

Ennio Morricone ya tsara yawancin kiɗan tun kafin a fara ɗaukar hoto, har ana kunna shi a wurin aiki don 'yan wasa su daidaita motsinsu da shi. Sarewar da Cockeye yake busawa a titi ita ce take dawowa a hubbaren abokan a 1968, kuma Gheorghe Zamfir ne ya busa ta. Kiɗan yana yin aikin da a wasu finafinai ake ba mai ba da labari.

Jinkiri kuwa shi ne tambarin Leone. Misali mafi kyau shi ne na Patsy yana yaro. Ya sayi kek mai kirim don ya ba wata yarinya, Peggy, ladan biyan buƙatarsa. Yana zaune a kan matakala yana jiranta, sai ya lakaci kirim ɗin gefe da yatsa, ya gyara takarda, ya ɗaga 'yar jar ƙwallon da ke sama ya mayar, daga bisani ya cinye kek ɗin kaf. Babu magana, babu abin da ya ƙaru ga labarin, amma a cikin 'yan mintocin nan an nuna yaro mayunwaci a cikin rigar ɗan iska. Wanda ya ga wannan ba zai kalli gawar Patsy a kan titi da ido ɗaya da wanda bai gani ba. Haka kuma mutuwar Dominic: yana tafe yana tsalle a gaban 'yan uwansa a ƙarƙashin gadar Manhattan, bayan harbin kuwa abin da ya iya gaya wa Noodles shi ne santsi ne ya kwashe shi.

Robert De Niro ya yi wasan Noodles da ƙarancin magana, musamman a tsufa, inda tafiya da kallo suka ɗauki nauyin. James Woods kuwa ya ba Max zafin rai da rashin natsuwa, ta yadda haukansa na ƙarya ya yi kama da gaske.

6.0 Rauni

Ba a gama nazarin wannan fim ba sai an tsaya a kan matsayin mata. Noodles ya yi wa mata biyu fyaɗe. Na farko Carol ce, a lokacin fashin lu'ulu'u, kuma an tsara wurin kamar ita ta nema, abin da ba shi da wata kariya. Na biyu Deborah ce, a cikin mota, bayan ya kama gidan abinci sukutum dominta ta kuma gaya masa za ta tafi Hollywood. An tsawaita wannan wuri har ya gundure, kuma ana iya cewa da gangan ne, don kada mai kallo ya ɗauki Noodles salihi. Hakan ya yi aiki: mutumin da aka ci amanarsa shi ma ya ci amanar wadda ta yarda da shi. Amma fim ɗin ya fi damuwa da abin da wannan dare ya jawo wa Noodles fiye da abin da ya jawo wa Deborah, haɗuwarsu ta 1968 kuma ba ta ba ta bakin faɗin nata ba. Ɓangaren ƙungiyar ƙwadago da shugabanta Jimmy O'Donnell shi ma bai samu isasshen fili ba, don haka hawan Max zuwa muƙamin gwamnati ya zo da ɗan wuyar gaskatawa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda agogo, da jaka, da wayar tarho, da sarewa suke dawowa daga zamani zuwa zamani, kowanne yana ɗauke da wani yanki na alkawarin da yara biyar suka ƙulla a tasha. An kuma ga cewa da aka warware wannan saƙa a Amurka, jigon ya zube. Ga mai nazarin zube da wasan kwaikwayo, darasin shi ne zubi yana iya zama hujjar jigo. Tambayar da fim ɗin ya bari a buɗe kuwa ita ce ko Noodles ya ƙi harbin ne don ya riƙe amana, ko don ya kasa fuskantar gaskiya. Leone ya tsayar da hoton a kan murmushin, bai amsa ba.